Doyar da Tasi'u Ya Sauke

Tasi'u ɗan Ikrima awo ne sana'arsa. Shekara goma sha huɗu ke nan yana tsaye gaban sikeli a wani sito kusa da filin jirgin saman Lome, inda ake auna kayan da za su bi jirgi, kuma hannunsa ya daɗe da ƙwace wa sikelin aiki. In ya ɗaga kwali ya ce kilo sha bakwai da rabi, ana ɗora shi a sikeli ne kawai don a samu abin rubutawa a takarda. Mutum ne mai jiki, mai sanyin murya, irin wanda ake taka wa ƙafa shi kuma ya nemi afuwa. Yana tsoron karnuka da allura da 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu gudu a hanyar Agoe, amma duk bai kai yadda yake tsoron mutanen da suka haura shekara sittin ba. Da labari ya zagaya Zongo, unguwarsu ta Hausawa, cewa Tasi'u ya fara koyon tuƙin jirgin sama, yawancin mutane sun ɗauka wani Tasi'un ne.

Mahaifinsa, Malam Ikrima, direban babbar mota ne tsakanin tashar jiragen ruwa da Sinkase, shekara talatin da ɗaya. Bai bar gidan bene ba, bai bar mota tasa ta kansa ba. Suna ya bari, cewa bai taɓa mayar da saƙon kowa ba. A Zongo wanda zai yi arewa ba a tambayarsa ko zai iya ɗaukar kaya, ana tambayarsa ƙarfe nawa zai tashi. Mota a wurinsu ba ta cika ba sai ƙofa ta ƙi rufuwa, kuma ko a nan akwai igiya. Ranar jana'izar Malam Ikrima liman ya ambaci sallarsa da azuminsa a taƙaice, sannan ya daɗe a kan wani keken ɗinki da marigayin ya kai Dapawon a wurin kwanansa na cikin mota, shi kuma ya yi kwana uku a ƙarƙashinta.

Mahaifiyar Tasi'u ta rasu tun yana ƙarami, don haka ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Zuhra, mai sayar da atamfa a kasuwar Asiyeye, ita ta riƙe shi. Har yau in ta ɗaga murya yakan miƙe tsaye, ko da ta waya ne.

Mai sitonsu yana cikin wata ƙungiya ta masu ƙananan jirage. Wata Asabar ya ɗauki Tasi'u ya zagaya da shi ta saman teku don ya faranta masa. Tasi'u ya karanta duk abin da ya haddace, ya kuma yi amai a jakar takarda. Asabar ta gaba ya dawo ya ce yana so ya koya. Dalilin da ya bayar shi ne, a cikin jirgi an rubuta abubuwan tsoro a kati, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da za a yi masa. A ƙasa kuwa babu wanda ya taɓa ba shi irin wannan katin.

Malaminsa Misye Komlan ne, wani tsamurarren tsoho Ba'ewe wanda ya yi shekaru yana tuƙa jiragen feshi, mai Hausar kasuwa da Faransancin makaranta. Ya ce ya fi son ɗalibi mai tsoro, don marasa tsoro ba ya samun lokacin sabawa da su. Ranar da ya koyar da nauyi, ya ɗora rula a kan yatsansa har ta tsaya daidai, sannan ya sa ƙwandala ɗaya a ƙarshenta. Rula ta kife.

"Jirgi haka yake," in ji shi. "Ba yawan kaya kaɗai ba, inda ka sa shi. Wurin kayan da ke bayan kujeru, kilo hamsin da huɗu aka rubuta. In ka wuce da yawa, hanci zai ɗaga da kansa. Za ka tura sitiyari har ƙarshe, ba zai saurare ka ba. Jirgin zai hau kamar mai hawan tsani, ya tsaya, ya faɗo. Tun bai kai tsayin masallacinku ba."

A jarrabawar wannan darasi Tasi'u bai faɗi ko tambaya ɗaya ba. Aikinsa ne na kullum.

Bayan shekara biyu na Asabar-Asabar, lokacin tafiyarsa mai nisa shi kaɗai ya zo, wadda in bai yi ta ba babu lasisi. Misye Komlan ya zaɓi wani ƙaramin filin jan ƙasa a tsakiyar ƙasar, na wani kamfanin auduga da ya daina aiki, tsawonsa mita ɗari shida da hamsin. Bai san cewa kilomita uku daga filin akwai gonar Baba Haliru, yayan Malam Ikrima ba. Tasi'u ya sani, ya yi shiru. Mutum ɗaya ya faɗa wa, Gwaggo Zuhra, don ta sa shi a addu'a.

Ana jibi zai tafi, bayan la'asar, ya tarar da tsakar gida kamar tashar mota. Gishiri, busasshen kifi, sabulu, turmin atamfa biyu, da jerin kwanukan Gwaggo masu murfi, an ɗaure kowanne da ƙyalle.

"Gwaggo, ai jirgin ƙarami ne."

"Kujera nawa ce a ciki?"

"Huɗu."

"Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Ta dube shi kamar yadda ake duban wanda ya zauna cin abinci shi kaɗai a gaban baƙi. "To mene ne abin magana? Ai ma ban faɗa wa mutanen bayan masallaci ba."

Ya ɗaɗɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, kilo arba'in da ɗaya. Ya yi hamdala. Ranar tafiya Misye Komlan ya duba takardar lissafin, ya ga ba ta wuce ƙa'ida ba, ya ɗaure kayan da raga da hannunsa.

"Wannan na zuwa ne. Na dawowa fa?"

"Babu na dawowa, Misye."

Tun yana ɗan shekara biyar Tasi'u ya san kwano ba ya komawa gida wayam. Amma lokacin da ya faɗi maganar, fatansa ne ya faɗa, kuma a wurinsa wannan ba ƙarya ba ce sosai.

Ya tashi da hantsi, cikin watan Satumba, ƙasa shar. Awa ɗaya da minti ashirin yana kallon allurar mai da ta zafin inji, yana jin sababbin ƙararraki a injin da bai canza murya ba. Da ya ga filin, ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi ta kansa sau ɗaya kamar yadda aka koya masa. Awaki bakwai suka watse. Ya ga ciyawa ta kai gwiwa a gefe da gefe, ya ga ƙasar ta yi duhun ruwan shekaranjiya, ya ga dogayen itatuwan tek a jere a ƙarshen filin. Ya zagayo ya sauka, saukar da ta fi duk wadda ya taɓa yi kyau, kuma bai ji daɗinta ba, don tun kafin farfela ta tsaya ya hango mutum kamar talatin a gindin mangwaro.

Baba Haliru ya kusa tamanin, yana dogara sanda. Tasi'u ya durƙusa a jan ƙasa ya gaishe shi, aka tambayi Zongo gida-gida.

"Ba wa yayanka Salifou makulli su sauke kaya," in ji Baba. "Kai zo ka ci abinci ka yi azahar."

A katin Misye Komlan babu layin da ya ce kada a ba da makulli. Ba a zaci za a buƙaci rubuta shi ba. Tasi'u ya miƙa makullin ƙofar kaya ga Salifou, babban ɗan Baba, wanda ya yi shekara ashirin yana lodin motocin doya a ranakun kasuwa, shi kuma Tasi'u ya hau bayan babur aka tafi da shi gida.

Ƙarfe biyu saura suka dawo, rana tana tsakar ka. Daga nesa ya ga jirgin ya canza zama. Wutsiya ta yi ƙasa, hanci ya yi sama, tayar gaba tana taɓa ƙasa da ƙyar, kamar kare mai jiran ƙashi.

Salifou ya tare shi yana share gumi, fuska cike da alfaharin gwani. "Ƙane, ko ƙura ba mu sa maka a kujera ba. Duka a baya, har rufi. Allura ba za ta shiga ba."

Tasi'u ya buɗe ƙofar kaya ya sa hannu. Doya manya ashirin da biyu, rabin buhun masara, jarkar zuma, da kwanukan Gwaggo cike da daddawa da man shanu. An rubuta suna da gawayi a jikin kowace doya: Zuhra, matar liman, gidan mai nama, wance da wance. Bai buƙaci sikeli ba. Hannunsa ya ce ɗari da saba'in da ɗoriya, kuma hannun nan bai taɓa yi masa ƙarya don ya ji daɗi ba.

"Baba, kayan nan…"

"Na sani, kaɗan ne. Bana ruwa ya yi mana gardama. Ka ba su haƙuri."

"A'a Baba, ba haka ba. Wai shi jirgin ba ya son nauyi a baya."

Salifou ya yi dariya. "Nauyi ai a kan tayar baya ake sa shi, ƙane. Tambayi kowane direba."

"To ko a mayar da wasu kan kujeru?"

"Jirgin mutane ne, aro aka ba ka," in ji Baba. "Ba za a ce gidanmu ya mayar da kayan aro da jan ƙasa a kujera ba." Ya buga fiffiken jirgin da kan sandarsa a hankali, kamar mai duba sa a kasuwa. "Ubanka ya taɓa kwashe min girbin shekara guda a kan lodin siminti. Bai ce min wai ba."

Tasi'u ya zaro waya daga aljihu. Lambar Misye Komlan tana sama. Ya san abin da tsohon zai ce, kalma da kalma, kuma ya san in ya ji amsar da kunnensa dole ya juya ya faɗa wa Baba. Ya mayar da wayar. Aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a mai tsawo, ya shafa. Ya shiga ya rufe ƙofa.

Ya bi katin layi-layi, da murya, kamar kullum. Da ya zo layin nauyi da daidaito, ya karanta shi a zuci ya wuce. Ya tayar da inji ya nufi farkon filin. Duk ramin da taya ta faɗa, hanci sai ya yi sama ya daɗe kafin ya dawo. Ya riƙe sitiyarin a gaba da hannu biyu. Rigarsa ta manne da kujera. A farkon filin ya juya, ya fuskanci itatuwan tek, ya taka birki ya tsaya.

Minti biyar yana tsaye a wurin, inji yana aiki. Ya yi lissafin a kansa sau uku, ya rage wa doya nauyi, ya ƙara wa fili tsawo, ya nemi iska daga gaba, lissafin ya ƙi. Ya tuna rular da ƙwandalar. Ya hango mutanen daura da tsakiyar filin, a gindin mangwaro, suna ɗaga masa hannu, farar rigar Baba a gaba. Ya ce a ransa mai yiwuwa masu ƙera jirgin sun bar rara, don Turawa sukan bar rara. Bai taɓa yarda da irin wannan magana daga bakin mai kawo kaya sito ba. Ya saki birki ya tura totur har ƙarshe.

Ƙasar tana riƙe tayoyi kamar ba ta so. Allurar gudu tana hawa a hankali, a hankali fiye da yadda ya saba gani a kwalta. Ya wuce mangwaro, ya ga hannuwa a gefen idonsa. Sai hanci ya ɗaga da kansa, tun gudu bai kai ba. Itatuwan suka ɓace, fili ya ɓace, babu komai a gilashi sai farin sama. Ƙahon gargaɗi ya fara kuka. Ya tura sitiyari da dukkan nauyinsa, ya kai ƙarshe, babu abin da ya canza. Daga baya ya ji wutsiya ta daki ƙasa, ƙarar ta biyo kujera ta shiga ƙashin bayansa. Bai san ko tayoyin suna ƙasa ba ko sun rabu da ita. Hannunsa na dama ne ya janye totur, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Hanci ya faɗo da ƙarfi. Ya danne birki, jirgin ya yi ta zamewa a laka, ya bar jan ƙasa ya shiga ciyawa, ciyawar tana dukan cikinsa. Sannan ya tsaya. Tasi'u ya kashe inji. Ya ji tsuntsaye. Itacen farko yana gabansa, yana iya ganin tururuwa suna hawa jikinsa. Daga baya ya auna da ƙafa, taku sha tara.

Ya fito ya zauna a ƙasa. Can ya hango mutanen suna tahowa. Babu wanda zai wuce gaban Baba, Baba kuwa da sanda yake tafiya, saboda haka Tasi'u ya samu kusan minti goma yana kallonsu suna matsowa. Ya lura bakinsa ya fi bushewa yanzu fiye da lokacin da yake kallon farin sama. Ya miƙe ya buɗe ƙofar kaya, ya fara sauke doya ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a ciyawa, sunayen suna sama.

"Inji ne ya ba da matsala?" in ji Salifou, yana ba shi hanya.

Hanyar a buɗe take, kuma kowa zai karɓa. Amma injin da ya lalace ana gyara shi, a sake loda kaya.

"Inji lafiya lau," in ji Tasi'u. Ya durƙusa a gaban Baba, idonsa a kan takalman tsohon. "Baba, ba zan ɗauka ba. In na ɗauka zan mutu a cikin itatuwan nan. Kilo hamsin kawai zan iya. Ku zaɓa."

Baba ya daɗe yana kallon jerin doyar.

"In zaɓa," in ji shi. "Wa zan cire? Zuhra, ko matar liman? Ko mai naman da ya wanke gawar ubanka?"

"Ku gafarce ni, Baba."

"Allah ya tsare ka, mun gode masa." Ya juya. "Salifou, a sauke duka. Kwanukan Zuhra ma a juye, a wanke, a sa masa. Ba su da nauyi."

Sai a lokacin Tasi'u ya kira Misye Komlan. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya tambayi kilo nawa, ya tambayi me ya taɓa ƙasa, ya ce kada ya sake ya taɓa makullin inji. Washegari da hantsi ya iso a mota tare da makanike. Suka duba wutsiya, zoben ɗaure jirgi ya lanƙwashe, fenti ya goge, sauran lafiya. Tasi'u ya kwana a gidan Baba, an ba shi tabarma mai kyau da abinci mai kyau, kuma babu wanda ya tambaye shi komai.

Misye Komlan ne ya tuƙa a dawowa. Sun yi nisa, kwanuka suna ƙara a baya duk lokacin da iska ta girgiza su, kafin ya yi magana.

"Ka san nauyin tun kafin ka shiga?"

"Na sani, Misye."

"Ɗalibin da bai sani ba, shi ne zan iya koya wa," in ji tsohon.

An soke tafiyar, aka dakatar da shi wata uku. Da lokacin sakewa ya yi, Misye Komlan ya ba shi takarda da biro ya ce ya rubuta duk garin da yake da dangi a ƙasar Togo. Takardar ta cika har baya. Suka samu wani fili a yamma, kusa da duwatsu, inda babu Bahaushe ko ɗaya, a can ya yi tafiyarsa. Lasisin ya fito a shekarar da ta biyo.

Gwaggo Zuhra ta karɓi kwanukanta, ta buɗe murfin kowanne ta leƙa, sannan ta sake wanke su duk da a wanke suke. Wata guda gaisuwarsa ba ta samun fiye da "lafiya". Doyar ta iso Zongo bayan kwana huɗu a motar gawayi, Salifou ya rako ta da kansa, aka raba wa kowa tasa. Daga baya Gwaggo ta sauko, don ba ta da wani wanda zai riƙa miƙewa tsaye in ta yi magana. A Zongo ba a zage shi ba. Ana dai kiransa mai jirgi, kuma in zai yi tafiya, ko a mota ce, babu wanda yake tambayarsa ƙarfe nawa zai tashi.

Yanzu shekarunsa arba'in da ɗaya. Yana nan gaban sikelinsa, Asabar kuma yana tashi, yana karanta katin da murya tun daga sama har ƙasa, tafin hannunsa a jiƙe. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira wayar Baba Haliru. Matar Salifou ce take ɗauka. Takan ce Baba ya tafi gona, ko da yake kowa ya san Baba bai taɓa zuwa gona ranar Juma'a ba. Tasi'u yakan tambayi lafiyar ƙafarsa, da ruwa, da yara, ya yi godiya, ya ce zai sake kira mako mai zuwa.